Almakashin Baba Ya Yi Mini Yawa

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwanakin nan. Likita ce ta hana ni sunkuyar da kai, ni kuwa ban iya rubutu a waya ba sai na duƙufa a kanta. Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni tela ce, auta a gidanmu, kuma ba a daɗe da ciro mini ƙari daga cikin kai ba, ta hanci. E, ta hanci na ce. Ku ajiye mamakin, za mu zo wurin. Abin da ya hana ni sukuni ba aikin ba ne, maganar aurena ce, wadda Yaya ya rantse sai ya rushe ta da hannunsa.

Amma ba za ku gane ba sai na kai ku shagon Baba.

Shago ne siriri, tsakanin mai sayar da magani da mai gyaran waya. Keken ɗinki biyu, benci ɗaya, rediyon da sai an mare shi yake magana, da wani dogon madubi mai tsaga a kusurwa. Da ka ɗaga labulen ƙofa, ƙanshin sabon yadi da man keke ne zai tare ka. A nan na girma, ƙarƙashin teburin yanka, ina tara ƙyallaye ina ɗinka wa 'yar tsanata riguna. Baba ƙaton mutum ne, mai faɗin haɓa da wushirya, muryarsa kamar daga cikin tulu take fitowa. Idan ya yi barcin rana a kan benci, mai magani yakan ji minsharinsa ya leƙo ya ce a rage ƙarar injin. Takalmi kuwa sai dai a yi masa na musamman. Almakashinsa baƙi ne, mai nauyi, sai da ya sa maƙeri ya faɗaɗa masa wurin sa yatsu. Ni a lokacin yatsuna biyu nake zurawa a rami ɗaya, in ɗaga shi da ƙyar, shi kuma yana dariya.

"Uwata, ajiye kafin ki yanke mini ciniki. Ranar da ya yi miki daidai, shagon naki ne."

Bai ga ranar ba. Zuciya ce, aka ce, ga kuma ciwon suga. Tun da aka kai shi makwancinsa Umma ba ta ƙara taka layin shagon nan ba, ko wucewa za a yi da ita a mota sai ta ce a zaga ta baya. Yaya ma'aikacin ofis ne, bai san gaban allura da bayanta ba. Ni na ɗauki makulli na buɗe, na share ƙura, na zauna a kujerar Baba ina kuka ina taka keke.

A tsallaken titi akwai shagon hoto. Mai shagon siriri ne, da tabarau, kullum cikin riga mai aljihu barkatai. Duk layin Tsaya-Haka ake kiransa, don ko gaisawa kuke yi, idan haske ya faɗo maka yadda yake so, sai ka ji ya ce, "Tsaya haka!" Da wannan sunan na ajiye lambarsa, har yau ban canza ba.

Da maɓalli ya fara. Ya kawo riga ɗaya a ɗinka masa maɓalli, bayan kwana biyu ya dawo da ita, wani ya faɗi. Da abin ya yi yawa sai ya koma turo saƙo.

"Tela, maɓallin nan ya sake faɗuwa."

"Da haƙori kake cire shi?"

"Sirrin sana'a ne, ba a faɗa."

Daga nan ya ce me zai hana in riƙa sa kayan da na ɗinka, ya ɗauke ni, in ɗora a waya masu ciniki su gani. Haka muka shiga yi. Duk sabon ɗinki sai in tsallaka titi, in zauna a kan wata 'yar kujera mai ƙafa uku a gaban shuɗin labule. Na tuna doguwar riga ruwan zuma mai tattara a hannu, na tuna wata kore da na yi wa aiki da farin zare a wuya, mayafinta har ƙasa. Zai gyara mini zaman mayafi da bakin biro, don kada hannunsa ya taɓa ni, ya ja da baya, ya ce abin da ya saba cewa. Wayyo, kwanakin nan. Na ɗauka haka rayuwa za ta yi ta tafiya. Har gida ya zo ya gaida Umma, manyansa suka zo, aka fara maganar sa rana.

To, a tsakanin nan ne jikina ya fara wani abu da ban ba shi suna ba. Zobena ya daina shiga. Takalmana suka matse ni, na ƙara lamba, suka sake matsewa, har na haƙura na koma sa silifas ɗin Baba a shago. Ciwon kai ba ya rabuwa da ni, gumi ko a gaban fanka, al'adata ta rikice. Wata mai ciniki ta kira ni a waya, da na amsa sallama sai ta ce, "Malam, don Allah ba ni telar."

Kun san abin da danginmu suka ce? Goggo, ƙanwar Baba, ta riƙe haɓata tana juya fuskata hagu da dama, hawaye na zubo mata.

"Ikon Allah! Yarinyar nan ubanta take komawa. Dubi haɓar, dubi wushiryar da ta fito mata. Kamar an tsaga kara!"

Ni kuwa daɗi ya kashe ni. A ce Baba ya tafi, amma ga shi yana dawowa a fuskata? Ranar da na ɗauki baƙin almakashin nan ya zauna daram a yatsuna, rufe shago na yi na sha kukan farin ciki. Na ce Baba, ga shi ya yi mini daidai. Ban san ciwo nake wa murna ba.

Kuma ga hotuna. A cikinsu ina nan yadda nake, siririn hanci, 'yar haɓa, dogayen yatsu. Idan madubi ya nuna mini wata fuska dabam, sai in ce ai madubin ya tsufa, mai tsaga ne. Mace idan an ba ta zaɓi tsakanin madubi da hoto mai kyau, ku faɗa mini wanne za ta gaskata.

Ido ne ya tona. Na daina ganin gefe. Mutum zai tsaya kusa da kafaɗata yana magana, sai na juyo gaba ɗaya nake ganinsa. Ranar da mai babur ya kusa kwashe ni a bakin shago, ban ga tahowarsa ba sam, Yaya ya ce gobe sai asibiti. Likitan ido ya gwada ni, ya tura mu wurin wata likita, 'yar ƙaramar mace mai sanyin magana. Kafin mu gama gaisawa idonta na kan hannuwana.

"Kina da tsofaffin hotunanki? Ina so in ga yadda fuskarki take a baya."

Na miƙa mata waya da alfahari, ai hotuna ko na sayarwa ina da su. Ta yi ta ja da yatsa, ta kai ƙarshe, ta ɗaure gira.

"Wannan na yaushe ne?"

"Na watan jiya."

Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton.

"Wa yake ɗaukar ki?"

Na kira Tsaya-Haka. Ya zo da kwamfutarsa a jaka, yana haki. Da likita ta ce tana son hotunan yadda suka fito daga kyamara, sai ya dube ni. Zai iya cewa ya goge su, ba wanda zai sani. Bai faɗa ba. Ya buɗe, ya juyo mana da fuskar kwamfutar, ya koma jikin bango ya tsaya.

'Yan uwa, na ga kaina ina canzawa a jere. Riga ruwan zuma, ni ce. Kore mai farin zare, hanci ya fara faɗi. Daga nan haɓa, leɓɓa, goshi, yatsu. Kayan da na sani ne, ni na ɗinka su, amma matar da ke cikinsu ban taɓa ganinta a wayata ba.

"Ni nake gyarawa," ya ce, kansa a ƙasa.

Wayata ta yi duhu, likita ta taɓa ta, sai hoton da ke kan allon ya fito, Baba a bakin shago da tef ɗin awo a wuya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan fa?"

"Babana ne. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Ba zan yanke hukunci a kan hoto ba, amma ina zargin abin da ke damun ki shi ya dame shi. Wani lokaci yakan bi jini."

Bayan gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa ta yi mana bayani. Akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, sunanta pituitari, ita ke ba sauran sassan jiki umarni. Ƙari ne ya fito a kanta. Ba ciwon daji ba ne, amma yana zubo sinadarin girma ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa ƙashi da tsoka ke ƙaruwa bayan an gama girma. Ya kuma taso ya danne jijiyar gani. Idan aka bar shi, zai taɓa zuciya, ya kawo suga. Za a cire shi ta hanci da siririyar kyamara, ba sai an fasa kai ba.

A barandar asibitin Yaya ya fashe.

"Kunyar fuskarta kake ji! Ka ga tana canzawa, maimakon ka yi magana sai ka zauna kana goge ta da kwamfuta? Da ka bar ta ta ga kanta, da tuni mun zo nan, da idonta bai kai haka ba!"

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya."

Ni tambaya ɗaya na yi masa. "Me ya sa?" Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai amsa ba. Wannan shirun ya fi mini zagin duniya ciwo, don na fassara shi da kaina: wadda yake so tana cikin kwamfuta, ni ragowa ce.

Aikin kansa ba abin da zan ba ku labari, barci na yi. Na farka hancina cushe da auduga, ina numfashi ta baki, ga ƙishirwa kamar in shanye famfo. Aka yi ta auna ruwan da na sha da wanda na fitar, likita ta ce hakan kan faru, zai daidaita, kuma ya daidaita. Aka kafa mini dokoki: ba fyace hanci, ba ɗaukar nauyi, ba sunkuyo, salla ma a zaune. Ƙanshi ya ɗauke mini gaba ɗaya, shayi da ruwan zafi duk ɗaya. Amma wata safiya ina kallon silin, sai na ga Umma a gefena tana gyara mayafi, ban juya kai ba. Na ce, "Umma, ina ganin ki!" Muka rungume juna a hankali, don kada a taɓa hanci.

Da muka koma ganin likita ta faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. An cire mafi yawansa, ɗan abin da ya rage yana manne kusa da babbar jijiyar jini, ba a taɓa shi ba. Sinadarin ya sauka sosai, za a ci gaba da gwaji, wataƙila in buƙaci allura lokaci-lokaci. Kumburin fuska da na yatsu zai saɓe. Ƙashi kuwa ba ya komawa, haɓar nan da ƙafafun nan nawa ne har abada.

Duk tsawon kwanakin nan Tsaya-Haka yana zuwa asibiti ya zauna a bencin waje, Yaya ya hana shi shiga. Saƙonninsa suna nan, na karanta, ban amsa ko ɗaya ba.

"Na ji an fito lafiya. Alhamdu lillahi."

"Idan atishawa ta zo ki buɗe baki, na tambayi nas."

"Na share miki bakin shago."

"Maɓallin rigata ya faɗi, wannan karon da kansa. Zan jira."

To, yau da rana, ina zaune a falo an jera mini matasan kai a baya, Yaya ya shigo cikin kayan fita, makullin mota a hannu.

"Auta, zan je wurin mahaifinsa in ce a bar maganar nan. Kina da abin cewa?"

Na dubi Umma. Tana ninke wanki, riga ɗaya take ta ninkewa tana warwarewa. Ban ce komai ba, Yaya ya ɗauki shiruna a matsayin amsa, ya fita.

Na rasa abin da zan riƙe. Na ce Umma ta miƙo mini almakashin Baba, wanda aka kawo gida tun da aka rufe shago. Na zura yatsuna. Ya yi lako-lako. Na matse, ya sulale ya faɗa kan cinyata. Na ɗaga shi kusa da fuskata ina dubawa, sai wani abu ya ratsa hancina, siriri, daga nesa. Man keke. Ƙanshin farko da na ji tun bayan aiki, kuma na shagon Baba ne. Sai kuka, irin wanda likita ta hana.

"Ya yi mini yawa, Umma. Na ɗauka gadonsa na yi, ashe ciwonsa na gada. Kuma wanda zan aura ma bai iya kallon fuskar ba."

Umma ta ajiye rigar. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu a kan silifas ɗin Baba da ke ƙafata.

"Auta, yaron nan ba shi da laifi. Ni na sa shi."

Na daina kukan cak.

"Ranar da ya zo gaishe ni, ya nuna mini hotonki da koriyar rigar nan. Ina dubawa na ga babanki. Ba babanki na ƙarshe ba, na shekarun da ya fara canzawa. Kin ɗauka haka na aure shi? Siriri ne, zoben azurfarsa ma a yatsana yake zama. A gabana ya zama yadda kika san shi, muna dariya muna cewa hutu ne ya karɓe shi, har ya tafi." Ta share ido da bakin zane. "Na ce wa yaron nan, don Allah ka mayar mini da 'yata yadda take, kada ka ƙara nuna mini wannan. Ya ce Umma, ni dai a haka ma ta yi mini, ko a kai ta asibiti a duba? Na ce kul, lafiyarta ƙalau, kama ce kawai. Na sa ya yi mini alkawari ba zai gaya miki ba. Tsoro ne, Auta. Na ɗauka idan ban gani ba, ba zai faru ba."

"Umma, kina ji Yaya yana zaginsa..."

"Ina ji. Kullum sai in ce yau zan faɗa, bakina ya ƙi buɗuwa."

Ban san ko haushinta nake ji ko tausayinta ba, har yanzu da nake rubuta muku ban tantance ba. Na kira Yaya, ya ƙi ɗauka, halinsa ne idan yana tuƙi cikin fushi. Na jawo mayafi, ko madubi ban duba ba. Umma ta ce ba zan fita ni kaɗai ba, ta tare mana tasi. Amma da muka iso bakin layin shagon, ta hango shuɗiyar ƙofar Baba a rufe, sai ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu.

"Je ki. Ina nan."

Na taka a hankali kamar yadda aka umarce ni. Bakin shagona a share tas. Na tsallaka titi, ina ganin hagu da dama ba tare da na juya ba, na ɗaga labulensa.

Yana zaune yana goge gilashin kyamara, rigar nan mai aljihu a jikinsa, an kama wuyanta da fil. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Tela..."

Na wuce shi na zauna a kan kujera mai ƙafa uku, gaban shuɗin labule.

"Ɗauke ni. Kuma ka nuna mini daga kyamara, kada ka taɓa komai."

Ya ɗaga kyamarar. Bai gyara mini mayafi ba, bai kunna fitila ba. A hankali, kamar mai tsoron kada in tashi, ya ce, "Tsaya haka." Ya juyo mini da bayan kyamarar. Haɓar Baba, idanun Umma, hanci da sauran kumburi. Ni ce. Na daɗe ban ga kaina ba.

"Umma ta gaya mini," na ce.

Ya runtse ido. "Da ba ta faɗa ba. Ni ma ai da laifina, na ga abin, na bar alkawari ya rufe mini baki."

Wayarsa ta ɗauki ƙara a kan tebur. Muka duba tare, mahaifinsa ne. Yaya ya isa ke nan.

"Miƙo mini," na ce. "Zan gaya musu komai."

Ya dafe wayar da tafin hannu.

"A'a. Idan Yaya ya ji, da wane ido zai ƙara kallon Umma? Uwa ce, Tela. Gara ya ci gaba da jin haushina."

"In rasa ka ke nan?"

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ƙara. Sai haske ya faɗo a ƙasan shagon, an ɗaga labule. Umma ce a tsaye, numfashinta na fita da sauri, ta tako layin da ƙafarta, ta wuce ta gaban ƙofar Baba. Ta miƙo hannu.

"Ba ni wayar nan, ɗana. Ka ce a haɗa ni da yayanta. Ni na ɓata, ni zan faɗa."